Birin Sclater da Ƙauyukan da Suka Hana a Taɓa Shi

Birin Sclater ɗan ƙaramin birin kurmi ne da ba a samun sa ko'ina a duniya sai a kudancin Nijeriya, a ƙasar da ke tsakanin Kogin Neja ta yamma da Kogin Kuros ta gabas. Masana dabbobi suna kiran sa Cercopithecus sclateri. Nijeriya tana da birai iri-iri, amma galibinsu tarayya take yi da maƙwabta a kansu. Jan birin da ake gani a dazuzzukan Arewa, alal misali, yana nan tun daga Senegal har Habasha. Wannan kuwa yana cikin 'yan ƙalilan da ƙasar ta keɓanta da su, in ya ƙare a nan to ya ƙare ke nan. Tun 2019 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta mayar da shi sahun waɗanda ke cikin haɗari.

Girmansa bai fi na ƙatuwar kyanwa da yawa ba: namiji yakan kai kilo 3 zuwa 4, mace ba ta kai haka ba. Gashin bayansa toka-toka ne mai ɗigo-ɗigo, ƙirjinsa da maƙogwaronsa sun fi haske, akwai ɗan fari a kan hancinsa da tuntun farin gashi a kunnuwa. Da wutsiya aka fi shaida shi. Doguwa ce, ta fi jikinsa tsawo, daga gindinta ja ce ta ƙasa, sai ta yi fari-fari a tsakiya, ta ƙare da baƙi. A saman itatuwa yake wuni, cikin ƙananan garke, galibi babban namiji guda da mata da 'ya'yansu. 'Ya'yan itace ne cimarsa, yana haɗawa da ƙwari da ɗanyen ganye, kuma yana da 'yan jakunkuna a kumatu da yake cusa abinci ya gudu da shi ya ci a inda hankalinsa ya kwanta. Mace ɗa guda take haifa, saboda haka garken da aka yi wa ɓarna ba ya saurin farfaɗowa.

Danginsa na kusa suna kewaye da shi, amma ruwa ya raba su. A yammacin Neja, wajen dazuzzukan Edo da Ondo har zuwa Jamhuriyar Benin, akwai biri mai farin maƙogwaro. A gabashin Kuros, zuwa Kamaru da tsibirin Bioko, akwai mai jan kunne. Ƙananan biran kurmi ba sa ƙetare manyan koguna, don haka kowanne ya daɗe a nasa ɓangaren har kamanninsa suka bambanta. Wasu masana sun taɓa zaton birin Sclater ruwa biyu ne tsakanin waɗannan maƙwabta nasa, wasu kuma suka daɗe suna lissafa shi reshe ne kawai na mai jan kunne. Sai wajen 1980, musamman bayan rubuce-rubucen Jonathan Kingdon a kan kamannin fuskokin biran Afirka, aka fara karɓar sa a matsayin iri mai zaman kansa.

Rashin sa'ar wannan biri ita ce ƙasar da ya tsinci kansa a ciki. Tsakanin kogunan nan biyu ƙasar Ibo ce da Ibibiyo da Annang da Ogoni da wani sashe na Ijo, kuma tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a duk Afirka. Cunkoson ba na jiya ba ne. Kayan tagullar da aka tono a Igbo-Ukwu, waɗanda ake ƙiyasta shekarunsu zuwa ƙarni na 9 ko na 10, sun nuna al'umma mai wadata da sana'a da fatauci ta zauna a wurin fiye da shekara dubu da suka wuce. Manoman doya ne, kuma doya tana son sabuwar ƙasa: a sare daji, a ƙone, a noma shekara ɗaya ko biyu, a bar shi ya huta. Muddin mutane kaɗan ne, dajin yakan mayar da kansa kafin a dawo masa. Da jama'a suka yawaita, sai hutun ya riƙa gajarta, har ya zama ana dawowa gona tun itatuwan ba su wuce tsayin mutum ba.

Cinikin manja ya ƙarasa abin da doya ta fara. Bayan Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, 'yan kasuwar Libaful suka juya ga manja, wanda masana'antu ke bukata don sabulu da kyandir da man shafa wa injuna. Tashoshin Bonny da Kalaba, da kuma Opobo wadda Sarki Jaja ya kafa wajen 1870, suka cika da gangunan manja daga cikin ƙasa, har Turawa suka sa wa yankin suna Kogunan Mai. Manomi idan yana sharar gona yakan sare kowane itace ya bar kwakwar manja, domin ita ce kuɗi. A hankali sai kurmi na asali ya rikiɗe ya zama dajin kwakwa mai gonaki a ƙarƙashi. Daga nesa kore ne shar, amma manyan itatuwan da ke ba da 'ya'ya a lokuta daban-daban na shekara, waɗanda birai ke dogara da su, sun tafi. Kurmin gaske ya saura ne a inda garma ba ta iya shiga, wato fadamun da ruwa ke kwanciya da gaɓar koguna, sai kuma inda tsoro ya hana ta shiga.

Wannan na biyun shi ne dajin tsafi. Kusan kowane ƙauyen Ibo na dā yana da ɗan kurmin da aka keɓe wa abin bautarsa, wani lokaci a bakin rafi, wani lokaci a gefen dandalin gari ko kasuwa. Ba a sara a ciki, ba a noma, ba a farauta. Akwai kuma dabbobin da ake ɗauka mallakar abin bautar ne, ko 'ya'yansa, ko manzanninsa. Wanda aka fi sani shi ne mesa a yankin Idemili, wadda ke shiga ɗaki a lallaɓa ta a fitar, wanda kuma ya kashe ta sai ya yi mata jana'iza. A Awka, babban birnin Anambra na yau, biri ne ke da wannan matsayi, ana danganta shi da gunkin Imoka, kuma ana ba da labarin cewa birai ne suka taɓa ankarar da garin zuwan mahara. Bahaushe ba zai ji abin baƙo ba, domin Maguzawa da wasu tsofaffin gidaje suna da kan gida, dabbar da zuri'a ba ta kashewa ba ta ci. Bambancin shi ne a can hanin yakan hau kan gari dungurungum, har da baƙon da ya shigo cikinsa.

A wurare uku aka tabbatar wannan al'ada ta sauka a kan birin Sclater. Na farko Lagwa, a ƙaramar hukumar Aboh Mbaise ta Jihar Imo. Na biyu Akpugoeze, a ƙaramar hukumar Oji River ta Jihar Inugu. Na uku ƙasar Itam ta Ibibiyo a ƙaramar hukumar Itu ta Jihar Akwa Ibom, musamman ƙauyen Ikot Uso Akpan, inda ake danganta biri da abin bautar dangin, Awa Itam. Garuruwan ba su haɗa iyaka ba, na ukun ma harshensa daban, kuma kowanne yana da nasa dalilin.

A Lagwa dalilin biyu ne a haɗe. Akwai gunkin Arukwu, wanda aka ce biran nasa ne. Akwai kuma labarin kaka da kakanni, cewa matar kakan garin tana da juna biyu, yunwa ta kama ta alhali mijin ba ya nan, sai biri ya riƙa jefo mata 'ya'yan itace ta ci. Da mijin ya dawo ya ji abin da ya faru, sai ya yi wasiyya cewa kada wani daga zuriyarsa ya kashe biri ko ya ci namansa. Labarin yana da ruwayoyi, kamar kowane labarin baka, amma jigonsa ɗaya ne: bashi ne ake biya. Wannan ya ba hanin ƙafa biyu, ɗaya ta addini, ɗaya ta zumunci, kuma daga baya ta zumuncin ce ta fi jure wahala. A Akpugoeze kuwa ƙafar addinin ta fi ƙarfi. Biran dukiyar gumakan gari ne, suna kwana a dazuzzukan tsafi, kuma ba dukkan unguwannin garin ne suka ɗauki hanin da nauyi ɗaya ba, har ya zama biri yana iya zama lafiya a wannan gefen, ya gamu da maharbi a wancan.

Duk wannan yana gudana ba tare da masanan Turai sun san da shi ba. Su abin da ya iso hannunsu biri ne guda da aka kai gidan namun daji na Landan. A 1904 Reginald Innes Pocock, wanda a shekarar ya zama mai kula da gidan, ya bayyana shi a matsayin sabon iri, ya sa masa sunan Philip Lutley Sclater, masanin tsuntsayen da ya yi fiye da shekara 40 yana sakataren Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan. Wannan ita ce al'adar zamanin: dabbar kurmin Afirka ta ɗauki sunan wani babba a Ingila, mutanen da suka zauna da ita ɗaruruwan shekaru ba a tambaye su ba. Shekaru tamanin da suka biyo baya ba su ƙara wani abin kirki a kan sanin ba, in ban da 'yan fatu da ƙoƙunan kai a gidajen adana kayan tarihi da ɗaiɗaikun birai a keji.

A daidai lokacin da ake raɗa masa suna a Landan, duniyar da ta kare shi a gida tana girgiza. Mishan sun riga sun kafu: 'yan cocin Sikotland a Kalaba tun 1846, 'yan CMS a Onica a 1857 ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther, Katolika a Onica a 1885, sai mishan ɗin Qua Iboe da Samuel Bill ya fara a Ibeno a 1887. Bindiga ta biyo baya. A yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902 sojojin Ingila suka rusa matsafar Ibini Ukpabi ta Arochukwu, wadda ta fi kowace kwarjini a yankin. A 1905 da 1906 aka kai wa ƙasar Mbaise farmakin ramuwa bayan kashe wani likita Bature mai suna Stewart. Daga nan makaranta da coci suka bazu da sauri irin wanda ba a cika gani ba a Afirka, har ƙasar Ibo ta zama kusan duk Kirista cikin 'yan tsararraki. Dattawan ƙauyuka da dama sun riƙa ba mishan fili a cikin dajin da ake tsoro, sabbin tuba kuma suna sare shi don nuna cewa gunkin ba ya iya komai. Kowane irin wannan sara ya rage wa biran mafaka.

Gwamnatin mulkin mallaka tana da nata salon kare daji, wato gandun daji na hukuma, wanda dokar gandun daji ta 1916 ta ba ƙarfi. Amma manufarsa katako ce, ba dabba ba, kuma a ƙasar Ibo bai samu wuri ba. Ƙasa ta dangi ce, kowane taku yana da mai shi, jama'a kuma sun yi tsayin daka a kan duk yunƙurin karɓe ta. Manyan gandayen Gabas sai suka taru a ƙetaren Kuros, wajen Oban da Obudu, inda mutane ba su da yawa, kuma inda birin Sclater ba ya zama. A nasa ɓangaren 'yan ƙanana aka samu, mafi muhimmanci shi ne Stubbs Creek a gaɓar tekun Akwa Ibom, wanda aka keɓe a 1930, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 310 na kurmin fadama. Wasu daga cikin gandayen tudu kuma daga baya hukuma da kanta ta sare su ta dasa malaina da sauran itatuwan waje masu saurin girma, waɗanda biri ba ya samun abin ci a cikinsu.

Sai man fetur. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Fadamun da suka gagari manomi ba su gagari kamfanonin mai ba. Masu binciken ƙarƙashin ƙasa suna sare dogayen layuka miƙaƙƙu cikin kurmi, ana haƙa magudanu don jiragen ruwa, ana shimfiɗa bututu da hanyoyin mota. Malalar mai ita aka fi magana a kanta, amma ga biri hanyar ta fi man illa, domin duk inda ta shiga, mai zarto da maharbi da manomin rogo suna biye. Wasu magudanun kuma sun shigo da ruwan gishiri cikin fadamun ruwan daɗi, itatuwa suka bushe a tsaye.

Yaƙin basasa na Yuli 1967 zuwa Janairu 1970 ya faɗo ne a tsakiyar mazaunin birin. Da aka toshe wa Biyafara, yankin da ya ɓalle, hanyoyi, yunwa ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, miliyoyi suka matsu a ɗan yankin da ya rage, wanda Mbaise ke cikinsa. A Ahiara ta Mbaise ne Ojukwu, jagoran Biyafara, ya yi sanannen jawabinsa na Yunin 1969. Mutane sun ci ɓera da ƙadangare da duk abin da ke motsi. Cewa Lagwa ta fito daga wannan hali da sauran biranta shi ne babbar shaidar ƙarfin da hanin yake da shi a lokacin. Yaƙin ya kuma katse binciken kimiyya. Cikin waɗanda rikicin ya kora har da wani matashin Bature, John Oates, da ke nazarin dabbobin kurmi daga Jami'ar Nsukka.

Zuwa shekarun 1980 masana da yawa sun fara zaton birin ya ƙare, ko yana gab da haka. Babu masanin da ya taɓa rubuta cewa ya gan shi a daji, taswira kuma tana nuna mazauninsa ya zama gonaki. A 1988 Oates, wanda a lokacin yake koyarwa a Kwalejin Hunter ta New York, da Pius Anadu na Jami'ar Benin, suka gan shi da idonsu a kurmin fadama na gabashin Neja, suka buga rahoton a 1989. Binciken da ya biyo baya ya kai masana Akpugoeze da Lagwa, inda suka tarar da dabbar da ake nema ruwa a jallo tana tsalle a kan rufin kwano da itatuwan mangwaro na bayan gida. Ana kiran wannan sake ganowa, amma ganowar ta masana ce kawai. Mutanen garuruwan ba su taɓa ɓatar da shi ba, abin da ba su sani ba shi ne babu irinsa a wata ƙasa.

A farkon shekarun 1990 wurare biyar kacal aka sani yana rayuwa: ƙauyukan Ibo biyu, Stubbs Creek, fadamun gabashin Neja, da yammacin gaɓar Kuros. A kan haka aka sa shi cikin masu haɗari, kuma a 2000 ya shiga jerin farko na birai 25 mafiya fuskantar ƙarewa a duniya. Daga baya Lynne Baker, wata mai bincike daga Amurka, tare da abokan aikinta 'yan Nijeriya, suka zagaya yankin sosai, suka same shi a wurare da dama da ba a zata ba, a jihohin Ribas da Bayelsa da Abiya da sauransu, har cikin dazuzzukan da aka riga aka lalata. Ya bayyana cewa ƙanƙantarsa da wayonsa suna taimakonsa. Maharbi mai harsashi ƙidayayye ya fi son babbar dabba, shi kuma wannan yana iya laɓewa shiru cikin sarƙaƙiya. A 2008 aka sassauta matsayinsa zuwa mai rauni. Sassaucin bai daɗe ba, domin yawan wuraren da aka gan shi bai nuna yawansa ba: galibi 'yan tsirarun garke ne a guntayen daji da ba su haɗe da juna, kuma guntayen suna ƙanƙancewa. Shi ya sa aka mayar da shi sahun haɗari a 2019.

A ƙauyukan hani ne kaɗai ake iya ƙidaya shi ɗaya bayan ɗaya, tunda ba ya gudun mutane. Ƙidayar da Baker da abokanta suka yi a tsakiyar shekarun 2000 ta sami 124 a Lagwa da 193 a Akpugoeze. Da aka maimaita a 2010 sai aka sami 206 da 249. Masu binciken da kansu sun yi taka-tsantsan da alƙaluman, domin ƙwarewar masu ƙidaya da sanin wuri suna iya ƙara adadi ko da biran ba su ƙaru haka ba. Duk da haka biran suna da yawa a waɗannan ƙauyuka. Ma'ana, dabbar tana iya yawaita a inda mutane suke da yawa, muddin ba sa harbin ta. 

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin biran da suka ƙaru ba su da dajin da za su ci. A Lagwa musamman, abin da ya rage na dazuzzukan tsafi 'yan kuruttai ne da ba su kai a kira su kurmi ba. Biran suna rayuwa ne a kan masara da ayaba da gwanda da lemo da mangwaro da 'ya'yan kwakwar mutane. Suna ɓarnar da ta fi abin da suke ci, suna shiga madafa, suna tsalle a kan kwano har ya lotsa. A ƙasar da gonar iyali ba ta da girma, asarar ba ƙarama ba ce, kuma ta fi faɗa wa mata da tsofaffi masu lambun bayan gida. Hirarrakin da masu bincike suka yi da mutanen garuruwan biyu sun nuna ɓarnar amfanin gona ita ce babban abin da ke sa a tsani biran. Wasu suna sare itatuwan da ke kusa da gidajensu don su raba kansu da su, abin da ke ƙara tura biran cikin gonakin maƙwabta.

Hanin kansa ya canza kama. Masu kula da gumaka sun tsufa sun mutu, 'ya'yansu ba su gaje su ba, wasu matsafan an rushe su. Sabbin coci-coci masu zafin wa'azi suna ɗaukar duk abin da ya shafi gunki a matsayin abin yaƙa, biran ma ba su tsira daga wannan kallo ba. Amma mutane da yawa da ba su ƙara yarda da Arukwu ba har yanzu ba sa kashe biri. Wani tsoron abin da ka iya biyo baya ne bai sake shi ba, wani kunyar dangi, wani kuma yana ganin biran alamar garinsu ce, abin da aka san Lagwa da shi a duk Mbaise. Hani irin wannan, wanda ya rabu da tushensa na bauta ya koma al'adar gari, yana iya daɗewa, amma ba shi da mai hukunta wanda ya karya shi. Ya dogara ne ga ra'ayin jama'a, ra'ayin kuma yana bin yawan masarar da aka rasa a damina.

A wajen waɗannan ƙauyuka labarin na bindiga ne da zarto. Naman daji abinci ne mai daraja a kudu, ana sayar da shi a kasuwa da bakin titi. Manyan dabbobin yankin sun riga sun yi ƙaranci, don haka maharba sun sauko kan ƙananan da a dā ba su damu da su ba. Idan aka harbe uwa, ɗan da ke manne da ita yakan ƙare a ɗaure da igiya a wani gida. Irin waɗannan marayu ne ƙungiyar CERCOPAN, wadda Zena Tooze 'yar Kanada ta kafa a Kalaba a tsakiyar shekarun 1990, ta riƙa karɓa tana reno, har da 'ya'yan birin Sclater. Stubbs Creek kuwa, wanda ya kamata ya zama babbar mafaka, yana maƙwabtaka da tashar fitar da ɗanyen mai ta Qua Iboe, kuma sara da noma da gine-gine da rikicin mallakar ƙasa tsakanin al'ummomin da ke kewaye sun cinye babban sashensa.

Doka tana nan a rubuce. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke cikin haɗari tun shekarun 1970, ta kuma kafa Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 don kare irin waɗannan dabbobi, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Amma da wuya a ji an gurfanar da wani saboda biri. Babban gandun daji na ƙasa na Kuros Riba, da aka kafa a 1991, yana gabashin kogin ne, bai rufe mazaunin wannan biri ba. Sai a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa guda 10, waɗanda suka haɗa da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da fadamun Haɗeja a Jigawa, da kuma biyu a Bayelsa, Apoi da Edumanom. Edumanom yana cikin wuraren da aka tabbatar birin Sclater yana zaune. Amincewa a takarda mataki ne, amma ma'aikatan tsaro da albashinsu da iyakar da aka shata a ƙasa su ne gandun daji, kuma waɗannan suna tafiyar hawainiya.

A Apoi an ga wani salo da ya fi kusa da abin da tarihin birin Sclater ya nuna. Can wani biri ne daban, jan kolobus na Neja Delta, wanda masana ba su san da shi ba sai 1993. Al'ummar garin, tare da ƙungiyar da Rachel Ikemeh ke jagoranta, suka keɓe wani sashe na dajinsu da kansu, suka sa 'ya'yansu gadi. Hukuncin ya fito daga masu ƙasar ne, kamar yadda na Lagwa da Akpugoeze da Itam ya fito tun asali, illa dai wannan an rubuta shi kuma akwai ɗan abin da yake kawo wa gari. Ƙauyukan birin Sclater ba su sami kwatankwacin haka ba. Sun fi shekara ɗari suna ɗauke da nauyin dabbar da ƙasa ke alfahari da ita a taron duniya, ba diyyar amfanin gona, ba wani kuɗin shiga na a zo a gani daga masu yawon buɗe ido. Garkunan da aka fi sanin adadinsu a duniya, 'yan ɗaruruwa ne, suna zaune a gonakin manoman da babu wata hukuma da ke biyan su ko sisi.